Irin Shinkafa Uku a Gora Ɗaya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka ta. Damina huɗu ke nan da dawowata daga ƙasar Nufe, har yau ba a bar ni na huta ba. Wadda ta zo aron turmi sai ta zauna, wadda ta zo gaisuwa sai ta ce, "Iya Falmata, wai da gaske kin yi wa Bature gardama?" Na faɗa har muryata ta dushe. Shi ya sa na zaunar da mai rubutun wasiƙa na kasuwar Guri, na ce ya rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ya ƙara gishiri, kada ya rage.

A ƙauyenmu na bakin fadama, tsohuwa ce take riƙe irin shinkafa. Haka muka tarar. Ni a hannun uwar mijina na karɓa. Iri uku ne a gora ɗaya, cakuɗe da toka saboda ƙwari. Akwai Doguwa, wadda in ruwa ya taso take miƙa wuya ta bi shi. Akwai 'Yar-sauri, wadda take nuna da wuri ko da ruwan bai kai ba. Akwai Mai-gashi, wadda tsuntsayen jan-baki ba sa iya ci saboda tsinin kanta. Tare ake watsa su, domin kogin Haɗeja ba ya aiko manzo ya ce bana zan cika ko zan ƙi.

To, akwai malamin gona da yake zagayowa wajenmu, Malam Audu, ɗan cikin Haɗeja, mutum mai kunya. Wata shekara ya roƙi tafin hannu ɗaya na irin, ya ce za a aika gonar gwaji ta Turawa. Na ba shi. Da shekara ta zagayo sai ga shi da takarda, aka tara mu ƙofar dagaci ya karanta. Wai an gwada, an ga irinmu gurɓatacce ne, ba shi da albarka. Wai in an yi girbi kowa ya cinye nasa, kada a ajiye ko ƙwaya, baɗi za a raba sabon iri mai tsabta.

Ni kuwa na san abin da iri ɗaya yake nufi a fadama. Shekarar da ruwa ya ƙi shi, shekarar ce za mu haƙa kaburburan yara.

Na ce, "Malam Audu, wa ya gwada?"

Ya ce, "Wani babban Bature ne, Iya, a ƙasar Nufe."

Na ce, "Ya taɓa ganin ruwanmu?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "To kai ni wurinsa."

Aka yi dariya. Amma Malam Audu bai yi ba. Ya je ya rubuta wa Baturen wasiƙa, ya sa sunansa a ƙasa, alhali ya san in na kunyata shi aikinsa ne zai tafi. Muna gama shuka, ruwa ya fara shigowa, amsa ta zo: a kawo tsohuwar.

Dagaci ya ce ba zan tafi ba namiji daga gida ba, aka haɗa ni da Gaji, ƙanen marigayi mijina, masunci, gemunsa fari fat amma bakinsa bai tsufa ba. Tun ina amarya yake tsokanata.

Ya ce, "Uwargida, ke da ko Haɗeja sau biyu kika je, ke ce za ki koya wa Nasara noma?"

Na ce, "Kai dai riƙe sandar tuƙi, kada ka kifar da ni gaban jikokina."

A kwale-kwalen Gaji muka fita, mu uku da Malam Audu, gorar iri a cinyata na naɗe ta da zane. Inda ruwa ya ƙare muka hau jakuna har Birniwa. A nan na fara ganin jirgin ƙasa. Duk hanya Gaji yana cika baki, wai shi da ya taɓa kokawa da kada babu ƙarfen da zai firgita shi. Da jirgin ya taso daga wajen Nguru ya yi kuka sau ɗaya, na waiga ban ga Gaji ba. A bayan buhunan gyaɗa Malam Audu ya samo shi, wai yana neman inda zai yi alwala.

A cikin jirgi aka matse mu da wata Bafulatana mai kai wa ɗanta man shanu Kano, da wani mai fatu. Gaji ya taho da ƙunshin bandar kifi, mai fatu yana cewa kifin ya dame shi, Gaji yana cewa fatun ne suke kashe mutane. Bafulatanar ta ce su biyun duka a sauke su. Da lokacin salla ya yi na tambayi gabas, aka nuna mini. Kafin na kai raka'a ta biyu jirgi ya karkata, gabas ta koma bayan kunnena. Wani malami da yake gefe ya ce in ci gaba, Allah ya san matafiyi.

A Kano muka kwana gidan goggon Malam Audu. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ganuwa ba ce, ba kasuwa ba. Wani ƙarfe ne a bakin titi, a murɗa kansa ruwa ya zubo. Na tambayi goggon rijiyar wa ce, in je in yi godiya. Ta ce ba ta kowa ba ce. Na sha, amma raina bai kwanta ba, ruwan da ba ka san mai shi ba.

Muka wuce Zariya, muka wuce Kaduna. Can gaba, inda Hausa ta fara ƙaranci a bakin mutane, aka tsai da jirgi aka sauke mu duka, aka jera mu. Ma'aikatan lafiya ne, suna laluben wuyan kowa, wai neman ciwon barci. Da wani ya miƙo hannu na ce, "Ɗan nan, tun da mijina ya rasu ba namijin da ya taɓa wuyan nan." Ya ce, "Kaka, ki yi haƙuri, na uwata ma na taɓa." Na bar shi saboda ya iya magana. Na bayansa ne bai iya ba. Mai duba amfanin gona ne, ya buɗe gorata ya ga toka, ya ce irin ya ruɓe, a zubar kada ya kai cuta wata ƙasa. Na karɓe gorar, na ajiye a ƙasa, na zauna a kanta. Jirgi yana kuka, Gaji yana cewa, "Malam, shekara arba'in yayana bai iya ɗaga ta daga inda ta zauna ba, kai ne za ka iya?" Sai da Malam Audu ya fito da takardar Bature aka bar mu.

Daga nan ta taga na ga matan Gwari ɗauke da itace a kafaɗa, kansu ba komai. Na yi mamaki. Aka ce a wurinsu kai ya fi ƙarfin dako. Na yi tunani, na ga ba su yi ƙarya ba.

A rana ta huɗu muka sauka. Aka kai mu gidan Malam Ndako, Banufe, mataimakin Baturen, mai jin Hausa sosai. Matarsa Nna Adama kuwa ba ta ji sai "sannu". Ta durƙusa gaishe ni, na durƙusa. Ta yi ta jero gaisuwa da harshensu, ina amsawa da nawa. Ashe su ba a gaggawar tashi. Ina jiran ta miƙe, tana jiran in miƙe don ni ce babba. Da aka gama, gwiwoyina suka ƙi. Ita da Gaji suka ɗaga ni kamar buhu. Daga ranar muka zama ƙawaye, da hannu muke hira. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar wake, manja ya yi ja a kai. Gaji ya leƙa ya ce, "Wa aka yanka a ciki?" Shi ne ya fara neman ƙari. Ni dai na yi kewar miyar kuka, amma kifinsu ban ga aibinsa ba.

Washegari Malam Ndako ya zagaya da mu. Jama'a, akwai masu neman sani a duniya. Na ga mutumin da aikinsa kullum ya duba ruwan saman da ya taru a gwangwani ya rubuta. Na ga ɗaki cike da kwalabe, kowace da ƙasar wani gari. A gefe akwai mutanen asibiti da suka zo nasu binciken. Ɗaya yana kiwon sauro a akwatin raga, yana ciyar da su kamar kaji, don ya gane yadda suke kawo zazzaɓi. Gaji ya ce masa, "Ka zo garinmu mu ba ka garke kyauta." Wata Baturiya tana tsintar katantanwa a bakin ruwa, ta ce a cikinta tsargiya take ɓuya kafin ta kama yara. Ta ɗiga ruwan kududdufi a kan gilashi, ta sa na leƙa ta wani madubi mai dogon wuya. Na ga halittu suna iyo a cikin ɗigo ɗaya. Na yi salati. Da farko na ɗauka marasa aikin yi ne. Daga baya na gane haƙurinsu irin na masunta ne, su zauna su zuba ido har abin ya fito.

Babban Baturen, ma'aikata suna kiransa Mai Awo, don ko ganye ya gani sai ya auna shi. Aka ce yana can ƙarshen gona, mu jira shi a ɗakin iri. Malam Ndako ya tafi kiransa, Malam Audu da Gaji suka bi shi. Aka bar ni ni kaɗai.

A kan tebur na ga ƙananan faranti biyar, kowane da 'yar takarda a jikinsa. Kallo ɗaya na gane irinmu ne, wanda suka shuka suka girbe. An raba shi, kowane kashi shi kaɗai, ba ko toka. Tausayi ya kama ni. Na ce bayin Allah ba su da tsohuwa a gidan nan. Na ɗauki wani kwano na juye duka biyar, na cakuɗa da hannuna sosai, na kwance gefen zanena na zuba tokar da na zo da ita. Na koma na zauna ina jiran godiya.

Da suka shigo, Malam Ndako ya ga kwanon. Ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Iya, kin kashe ni! Wata biyu ina tsince shi ƙwaya ƙwaya da madubi!"

Mai Awo dogo ne, siriri, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Yana jin Hausa, amma a hanci take fita. Bai dube ni ba, Malam Audu ya duba. Ya ce, "Wannan ce mai ilimin da ka rubuta mini? Gobe akwai jirgi. Ka mayar da ita. Kai kuma za mu yi magana."

Malam Audu ya tsaya kamar an dasa shi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don na gane na ɓata aikin mutum. Amma na tuna abin da ya kawo ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi laifi, kuma ni zan gyara. A ba ni faifai."

Ya ce, "Aikin wata biyu ne."

Na ce, "A ba ni faifai, a ba ni zuwa la'asar."

Malam Ndako ya aika gida, Nna Adama ta kawo faifai da kanta. Na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafa. Na sheƙe tokar. Mai-gashi ita take fara tsayawa a gefe in an karkaɗa, don tsininta yana kama faifai. 'Yar-sauri gajera ce mai ciki, tana gangarowa. Doguwa kuwa bayanta yana da kaushi, yatsa yana jin ta ko ido a rufe. Tun ina da shekara goma sha biyar nake wannan, domin kowace kaka sai an raba an duba wadda ta yi ƙaranci kafin a sake haɗawa. Ma'aikata suka bar aikinsu suka kewaye ni. Kafin a kira la'asar na tura tsibi uku gabansa.

Mai Awo ya ce, "Biyar ne."

Na ce, "Uku ne. Biyun da kuka ƙara, Doguwa ce da 'Yar-sauri da suka kwanta a laka ɓawonsu ya yi duhu. Ɓare ka gani."

Ya ɓare, ya sa a madubinsa, ya daɗe yana kallo. Ya kira Malam Ndako ya kalla. Sannan ya jawo kujera ya zauna daidai da ni, ya ce, "Iya, me ya sa kuke haɗa su?"

A nan ne ya fara ce mini Iya. Na faɗa masa abin da na faɗa muku. Ya saurara, ya ce duk da haka sabon irin ya fi ukun haihuwa, ya auna. Ya kai ni ya nuna mini. Fadamarsu a share, layi layi, ruwa iya idon sawu, ana buɗe masa ƙofa ana rufewa.

Na ce, "Ruwanku bawa ne, yana jin magana. Namu sarki ne. Ka gwada su a ruwan da ba ya jin magana, in naka ya tsaya, da hannuna zan zuba gorata a tukunya."

Gaji ya matso ya raɗa mini, "Uwargida, kin san abin da kika ɗauka kuwa? Abincin gari guda ne."

Na ce, "Na sani."

Suna da wani babban kwarmi na siminti, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Aka ɗauko shuke-shuken da suke cikin tukwane, sun kusa wata biyu, nasa da namu, aka jera a ƙasan kwarmin. Ya ce ruwa nawa za a ƙara? Na nuna masa faɗin tafin hannuna, na ce kullum haka, yadda yake yi mana in ya taso. Ya auna tafin nawa da sandarsa ya rubuta.

Kwana uku na farko duka suna tsaye, nasa ma ya fi kyan gani, kore shar. Malam Audu ya daina cin abinci. A kwana na biyar ruwa ya kai wa nasa wuya, Doguwa kuwa ban ga ta motsa yadda na saba ba. Na ce ko baƙunta take yi, ko ruwan Nufe bai karɓe ta ba. Nna Adama ta ga fuskata, ta kama hannuna ta riƙe. A kwana na shida da hantsi Malam Ndako ya shigo gida da gudu, hularsa a hannu, yana cewa, "Iya, ta tashi! Ta tashi!" Muka je. Doguwa ta ɗago kai sama da ruwa, ta bar sauran a ƙasa. Kwana na goma, nasa ya nutse ya fara ruɓewa, 'Yar-sauri ma ta tafi, Mai-gashi da ƙyar ake ganin bakin ganyenta. Doguwa tana kwance a saman ruwa tana kaɗawa. Mai Awo ya tuɓe takalma, ya shiga ruwan da wandonsa, yana auna gaɓoɓinta yana kiran lamba, Malam Ndako yana rubutawa. Gaji ya ce, "Yau na ga Nasara yana kamun kifi ba koma."

Da ya fito, ruwa yana zuba daga jikinsa, ya tsaya gabana ya cire hula. Ya ce, "Iya, mun auna shinkafa, ba mu auna kogi ba. Kuskurenmu ne."

Na ce, "Ni ma na zubar muku da aikin wata biyu. Mun yi daidai."

A gabana ya rubuta takardar janye umarnin. Ya roƙi in bar musu rabin gorata, na yarda da sharaɗi ɗaya: su raba abin da za su raba don bincikensu, amma kwalba ɗaya a bar ta a haɗe da tokarta. Aka yi haka, aka manna takarda a jikinta, Malam Ndako ya karanta mini: sunana ne da sunan ƙauyenmu. Ni da ban san alif ba. Shi kuma ya ba ni nasa irin, ya ce a gwada a gefen tudu inda ruwa ba ya zurfi. Na karɓa, don mai kyau ne a inda ya dace da shi.

Dawowa ba ta yi tsawon tafiya ba. Da kwale-kwalenmu ya doso gari, mata suna bakin ruwa. Malam Audu ya miƙe ya ɗaga takardar, guɗa ta tashi. A kakar nan kowane gida ya kawo nasa kason iri, na haɗa na zuba toka kamar kullum.

Yanzu ga abin da ya sami kowa. Malam Audu an ƙara masa girma, an mai da shi Kano, amma duk inda za a raba iri sai ya fara tambayar wace tsohuwa ce take riƙe da na garin. Malam Ndako ya zo ya yi damina guda a wurinmu yana auna kogi da sanda, sauro suka kusa cinye shi, yanzu an ce an tura shi ƙarin karatu. Nna Adama ta haifi 'ya mace ta sa mata Falmata, ta aiko mini da tabarmar Nufe. Gaji ya rasu bara bayan sallar layya, a kan shimfiɗarsa, yana ba jikoki labarin yadda shi ya koya wa Bature noma. Allah ya jiƙansa, ban taɓa ƙaryata shi a gaban yara ba. Mai Awo ya koma ƙasarsu. Kafin ya tafi ya aiko da tambaya ta bakin Malam Audu: wai ta yaya Doguwa take sanin ruwa ya taso har ta miƙe? Ya ce su da madubansu sun duba ba su gano ba tukuna, amma suna nan suna nema.

Na ce a gaya masa ni ma ban sani ba, shekara hamsin ina kallonta. Na ce in sun gano ina da rai, a aiko a faɗa mini. In kuma na riga na tafi, a faɗa wa matar ɗana Hajara, ita na fara koya wa faifai.

Nan ta ƙare. Ku tashi, rana ta yi, akwai daka.